Ƙarfen mazubin roba da ba ya tsatsa: tambayoyin wani mai shirin kafa injin roba a Katsina

Me ya bambanta wannan ƙarfe da rodin gini?

Kuromiyam, wani sinadari da ake gauraya shi cikin ƙarfen. Ƙarfe ba ya jure tsatsa sai kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 10.5 cikin 100. Wanda aka fi ƙera mazubin buta, bokiti da kayan famfo da shi, mai lamba 420 a Amurka ko 1.2083 a Jamus, yana da kimanin kashi 13, da kabon wajen kashi 0.4. Kuromiyam ɗin ke haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ce garkuwar.

Garinmu busasshe ne, ina ruwanmu da tsatsa?

Da hunturu kam haka ne. Amma ajiye mazubi a shago cikin Agusta ka gani. Ga ruwan sanyaya mazubi da ke bin ramukan cikinsa kullum. Mafi muni robar PVC ta bututun ruwa: in ta yi zafi tana fitar da tiririn asid mai cin fuskar ƙarfe, kuma duk ɗan ramin da ya fito sai ya bayyana a jikin kowane kayan da ka buga.

Maganaɗisu ya kama shi, an cuce ni?

A'a. Ba duk ƙarfen da ba ya tsatsa ne maganaɗisu ba ya kamawa ba; wannan jinsin yana kama shi.

Zan iya kai wa maƙeri ya taurara mini?

Maƙerin da ya iya fartanya da gatari gwani ne, amma da launin wuta yake aunawa, nan kuwa sai tanderu mai ma'auni. Bayan sassaƙar farko ana ɗumama shi a digiri 650 na ma'aunin Celsius na awa 2 don kada ya karkace. Sannan a kai shi 1020 zuwa 1050 a hankali, ya yi kamar minti 30, a sanyaya da mai ko iskar gas. Tsoma shi a ruwa kan tsaga shi. Daga nan a mayar da shi wuta sau 2, awa 2 kowane, a wajen digiri 250, taurinsa ya tsaya kusan 50 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell. Idan aka yi wannan a kusa da 500, kabon ya kama kuromiyam ya riƙe, juriyar tsatsa ta ragu.

Idan babu irin tanderun a kusa fa?

Nemi ƙarfe mai lamba 1.2316, ana sayar da shi a taurare, wajen 30 a ma'aunin Rockwell. Sassaƙa kawai za ka yi, sai dai ya fi saurin cinyewa idan robar tana da zaren gilashi.