Lambobin yabon sojan Jamus: abin da doka ta hana da abin da ta ƙyale

A Jamus, wanda ya buɗe akwatin kakansa ya tarar da lambar yabo ta Yaƙin Duniya na Biyu mai ɗauke da tambarin 'yan Nazi bai yi laifin komai ba. Yana iya ajiye ta a ɗakinsa har ƙarshen ransa, ya bar wa 'ya'yansa gado. Amma ranar da ya maƙala ta a ƙirji ya fita titi, ko ya baza hotonta a Facebook don alfahari, ya faɗa hannun dokar da ke iya kai mutum gidan yari har shekara 3, ko a ci shi tara. Dokar Jamus ba ruwanta da abin da ke cikin akwatinka. Abin da take tambaya shi ne me ka yi da shi a gaban jama'a.

Dokoki biyu ne ke riƙe da wannan al'amari. Ta farko tana cikin kundin hukunta laifuffuka, sashe na 86a. Sashen ya haramta yaɗawa ko nunawa a fili alamomin ƙungiyoyin da aka soke don sun saɓa wa tsarin mulki, kuma jam'iyyar Hitler da rundunar SS, wato dakarun musamman na jam'iyyar, suna ciki. Alama a nan ta haɗa da tuta, da baji, da kayan sarki, da kirari, har da salon gaisuwa. Tun 1994 aka ƙara da duk abin da ya yi kama da su har mutum zai iya ruɗewa, saboda masu wayon da ke ɗan karkata zanen su ce ai ba shi ba ne. Ƙera su, ko tara su, ko shigo da su ƙasar da niyyar yaɗawa, duk hukuncinsu ɗaya.

Sai dai an bar ƙofa, kuma ta nan masu tarihi ke shiga. Idan an nuna alamar don wayar da kan jama'a, ko koyarwa, ko binciken ilimi, ko fasaha, ko ba da labarin abin da ya faru a tarihi, to babu laifi. Shi ya sa gidajen tarihi da littattafan makaranta da finafinan yaƙi ke nuna tambarin ba tare da an rufe shi ba. A 2007 babbar kotun tarayya ta yanke cewa wanda ya sayar da baji mai tambarin da aka soke da jan layi, don nuna ƙin 'yan Nazi, bai karya doka ba. A 2018 aka fara ba wasannin kwamfuta irin wannan dama, ana duba kowanne da kansa.

Doka ta biyu ita ce ta lambobin girma, wadda aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuli 1957, lokacin da Theodor Heuss ke shugaban ƙasa, Konrad Adenauer kuma ke shugaban gwamnati. Labarinta ya fi ɗaukar hankali. Bayan faɗuwar Jamus a 1945, ƙasashen da suka ci yaƙi sun hana saka duk wata lambar soja. Shekara goma bayan haka Jamus ta Yamma ta kafa sabuwar runduna, Bundeswehr, kuma yawancin hafsoshinta tsoffin sojojin Hitler ne. Ga miliyoyin mazajen da suka dawo daga fagen daga, wasu ba ƙafa, wasu ba ido, suna ganin lambar rauni da aka ba su haƙƙinsu ce. Ga kuma tambarin da ke tsakiyar lambar, wanda a ƙarƙashinsa aka hallaka Yahudawa miliyan 6. Majalisa ta raba gardamar da cewa a saka lambar, amma a cire tambarin.

Aka sake ƙera lambobin a sabon fasali, aka ajiye samfurinsu a ma'aikatar harkokin cikin gida. Misalin da aka fi sani shi ne Gicciyen Ƙarfe, wanda Jamusawa ke kira Eisernes Kreuz. Friedrich Wilhelm na III, sarkin Prussia, ɗaya daga cikin masarautun Jamus na da, shi ne ya ƙirƙiro shi a 1813 lokacin yaƙi da Napoleon, aka sabunta shi a 1870 da 1914, sannan Hitler ya dawo da shi a 1939 da tambarinsa a tsakiya. A fasalin 1957 an maye gurbin tambarin da ganyaye uku, irin waɗanda ke jikin na 1813, shekarar 1939 kuwa aka bar ta a ƙasa. Wasu lambobin ba su samu wannan gyara ba sam: na jam'iyya, da na daɗewa a aikin SS, da na haɗe Ostiriya da yankin Sudeten na Czechoslovakia cikin Jamus a 1938, da na waɗanda suka yi wa Janar Franco yaƙi a yaƙin basasar Sifen. Waɗannan an hana saka su ko da an goge tambarin.

A ganina an yi dabara a nan, amma dabarar tana da tsada. Cire tambari bai canza aikin da aka ba mutum lambar dominsa ba. Akwai lambar da ake ba waɗanda suka yaƙi 'yan sari-ka-noƙe a gabashin Turai, aikin da sau da yawa ya ƙare da ƙona ƙauyuka da kashe fararen hula, kuma ita ma ta samu fasalin 1957. Duk mai tara waɗannan kaya ya kamata ya san wannan kafin ya yi sha'awar kyan ƙirarsu.

Jika ba shi da izinin saka lambar kakansa, ko ta sabon fasali ce. Saka lambar da ba kai aka ba wa ba ƙaramin laifi ne, na tara.

Batun ciniki shi ya fi rikitarwa. Dokar 1957 ta ce kada a ƙera ko a sayar da baji mai tambarin Nazi, amma a aikace ana cinikin tsoffin na asali a wuraren gwanjo da shagunan kayan tarihi, ana jingina da waccan ƙofa ta bincike da ilimi. Dillali kan liƙa ɗan takarda a kan tambarin, ko ya dusashe shi a hoto, ya kuma sa mai saye ya amince cewa don tarihi yake saye. Wannan amincewa ba garkuwa ba ce. Kotu na duba yadda aka baje kayan da waɗanda ake tallata wa. Lambobin da aka bayar bayan 8 ga Mayu 1945 kuwa, ba a sayar wa mutum sai ya nuna takardar shaidar cewa an ba shi, ko yana da izinin hukuma na mai tarawa.

Lambobin zamanin sarauta, kafin 1918, ba su da wannan matsala ko kaɗan. Cikinsu har da na yaƙe-yaƙen mulkin mallaka a Kamaru da Togo, inda Hausawa suka yi wa Jamusawa aikin soja.

Ostiriya na da tata dokar baji ta 1960, Faransa ma ta hana baje irin waɗannan alamomi a fili, har wata kotun Paris ta umarci Yahoo a 2000 da ya toshe wa Faransawa gwanjonsu. A Amurka da Ingila ana cinikinsu a sarari. Wanda ya saya a can ya aika Jamus, dokar Jamus ce za ta tarbi kayan a kwastan.

Mai bincike na gaske ya fi damuwa da takarda a kan ƙarfe, domin yawancin lambobin Jamus ba a rubuta sunan mai su a jiki ba, kuma jabu sun cika kasuwa tun bayan yaƙi. Takardar shaidar bayarwa da littafin albashin soja su ke faɗin wane ne, a wace bataliya, a wane wuri. Bayanan sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suna ofishin da aka sani da WASt a Balin, wanda aka haɗe da ma'ajiyar tarihin tarayya a 2019, kuma ana iya rubuta musu a nemi bayani, musamman dangi. Takardun rundunoni suna Freiburg. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya sun fi wuyar samu, don ma'ajiyar sojan Prussia da ke Potsdam ta ƙone a harin jiragen sama na Afrilu 1945. Na yankin Bavaria sun tsira, suna Munich har yau.