Mita ta tafi, sanda ta rage: yadda ake ɗaure keke a tsofaffin sandunan fakin

Wace mita ce wannan, kuma me ya haɗa ta da keke?

Sandar ƙarfe ce da ake kafawa a bakin titi, tsayinta ya kai ƙirjin mutum, a kanta akwai ƙaramin akwati mai agogo. Direba ya faka motarsa, ya jefa sulalla, agogo ya shiga ƙirga masa lokaci. An kafa ta farko a birnin Oklahoma na Amurka ranar 16 ga Yuli, 1935, dabarar wani lauya kuma ɗan jarida mai suna Carl Magee. A lokacin santi 5 ake biya na awa ɗaya.

Babu wanda ya yi ta don keke. Sai dai kowace mota da sandarta, ga su reras a ƙofar shaguna da gidajen abinci da bankuna, an kuma dasa su cikin siminti. Masu keke suka ga banza ta faɗi. Shekara da shekaru nan suke ɗaure kekunansu, hukuma kuwa ba ta taɓa sa wannan amfani cikin lissafinta ba.

To me ya sa ake tuge su?

Inji ɗaya ya maye gurbin jerin mitoci. Yana karɓar kati, yana fitar da rasit, ga kuma biya ta waya. A Manhattan ta New York an cire mita mai cin mota ɗaya ta ƙarshe a watan Satumba na 2011. Direbobi sun huta da neman canji, mai keke kuwa ya wayi gari babu wurin ɗauri a layin da ya saba. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: keke a jikin bishiya, keke a shingen gidan mutane, keke a jikin allon hanya.

Me zai hana a cire akwatin kawai a bar sandar?

Ai akwatin nan shi ne tsaron. Kwaɗon keke na ƙarfe mai siffar U ya fi kan mitar ƙanƙanta, don haka ba ya fita ta sama. Da zarar an cire kan, sanda ta zama sumul, ɓarawo ba ya buƙatar zarto ko almakashin ƙarfe. Ɗaga keken zai yi da kwaɗon da komai, ya zare ta sama ya yi gaba, kamar igiyar akuya a turken da ba shi da kai. Ko a da ma, wanda ya ɗaure da doguwar sarƙa mai sako-sako yana cikin wannan haɗarin, domin sarƙar kan iya tsallake kan mitar.

Akwai kuma matsalar tsayuwa. Keken da ya jingina da sanda a wuri ɗaya tak juyawa yake yi, gaba ta karkace, ya kwanta a hanyar masu tafiya da ƙafa, makaho ko mai keken guragu ya zo ya ci karo da shi. Ana son firam ya taɓa ƙarfe a wuri biyu. Shi ya sa ake sa zobe.

Yaya ake gyara ta?

Ana kawo zoben ƙarfe mai kauri a zura shi a jikin sandar, a ɗaure da notin da sifana ta kasuwa ba ta kwancewa, a toshe saman don kada ruwa ya shiga. Zoben yana bin tsawon titi, keke ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Ba haƙa, ba fasa daɓe, ba sabon siminti, kuma nan arhar take.

New York ta ɗauki zanen zoben da Ian Mahaffy da Maarten De Greeve suka ci gasar birnin da shi a 2008, ta rage masa girma ya dace da sandar mita. A farkon 2013 aka ji labarin kwangilar kusan dala miliyan 2 don gyara sanduna 12,000. Seattle da Philadelphia su ma sun sa zobba a nasu. Toronto ta Kanada ta riga su sanin sanda mai zobe, tun tsakiyar shekarun 1980.

Chicago ta bi gajeriyar hanya. Bayan ta ba 'yan kasuwa hayar mitocinta kusan 36,000 a 2008, na shekara 75 a kan dala biliyan 1.15, aka kawo injinan biya, sai aka bar wasu tsofaffin mitocin ba a cire musu akwatin ba, aka manna musu takarda cewa don masu keke aka bar su, direba ya je inji ya biya. A ganina wannan rabin aiki ne. Ya hana zarewa ta sama, bai hana keke faɗuwa ba.

Zoben ya gagari ɓarawo ke nan?

Ina! A 2006 aka gano a Toronto cewa ana iya cusa katako a cikin zoben a banƙare shi har ya ɓalle. Dole birnin ya bi sandunan yana ƙara musu zobe na biyu. Ita kanta sandar sai an duba gindinta, musamman a garuruwan da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, domin tsatsa daga ƙasa take ci. Mai keke kuma ya haɗa firam da taya cikin kwaɗon, kada ya ɗaure taya kaɗai ya dawo ya tarar da ita tana jiransa.

Wannan ya wadatar da birni?

Bai wadatar ba. An dasa sandunan ne bisa tsawon mota, dab da bakin kwalta, inda ƙofar mota ke buɗewa ta bugi keke. Kuma inda babu mita tun asali, kamar yawancin unguwannin zama, babu sandar da za a gada. A ƙofar makaranta ko tashar jirgin ƙasa, inda kekuna ke taruwa da yawa, keke biyu a kowace sanda ba ya kai ko'ina. A irin wuraren nan birane kamar Portland ta Amurka sukan ɗauke wurin fakin mota ɗaya ne a kan titin, su jera ƙarafa a ciki, ya ci keke wajen 10.