Waiwaye: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Ma'aunin Kula da Muhalli

Lokacin da aka yanko jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a watan Agustan 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Duk ɗan Argungu ko Yauri ko Zuru da ke son digiri, sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa tun 1975, ko ya zarce Zariya ko Kano. Shekara 15 aka yi a haka, kafin gwamnatin jiha ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006.

Ta tarayya kuwa sai a 2013 ta zo, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Tun 2011 gwamnatinsa ta kafa sabbin jami'o'i tara, aka bar Kebbi da Zamfara da Yobe suna jira. Da aka waiwaye su, Birnin Kebbi da Gusau da Gashuwa suka samu nasu lokaci guda. Farfesa Lawal Suleiman Bilbis ne ya fara shugabantar ta Birnin Kebbi. Ko da yake sunan babban birnin jiha take ɗauke da shi, a Kalgo ta fara zaman wucin gadi, mazauninta na dindindin kuma yana Unguwar Jeji, kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. A 2020 Zuru ma ta samu jami'ar aikin gona ta tarayya.

A daidai waɗannan shekarun ne aka sauya yadda ake auna jami'o'i a duniya. A da, bincike da yawan malamai da suna ake dubawa. A 2010 Jami'ar Indunusiya ta fito da ma'auni mai suna UI GreenMetric, wanda ke tambayar abubuwa shida: fili da gine-gine, makamashi da sauyin yanayi, shara, ruwa, sufuri, sai koyarwa da bincike kan muhalli. Makamashi ne ya fi ɗaukar maki. A 2019 mujallar Times Higher Education ta Ingila ta kawo nata, bisa muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. Ba a tilasta wa kowa shiga. Jami'a ce da kanta ke tattara bayananta ta miƙa.

Akwai masu cewa wannan ma'aunin na ƙasashe masu ni'ima ne, kuma suna da hujja. Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, wadda ta daɗe a saman jerin GreenMetric, tana inda ciyawa ke kore rani da damina. Mu a nan mukan yi wata bakwai ba ɗigon ruwa, kuma a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40.

Amma ni ban ga tambaya ɗaya a cikin shidan nan da ta zama baƙuwa gare mu ba. Daga ina wutar ɗakin karatu ke zuwa, janareta ko hasken rana? Rijiyar burtsatse nawa ke aiki? Ina ake kai shara? Da me ɗalibin da ke kwana a Birnin Kebbi ke isa aji? Jihar da hamada ke matsowa ta arewacinta, wadda kuma ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafarta, ita ta fi cancanta jami'arta ta riƙe waɗannan alƙaluma a rubuce. Ba a rasa abin koyi a kusa ba: tun 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar wutar hasken rana haɗe da janareta, mai ƙarfin megawat 7.1 a jimlace.

Ƙuruciyar jami'ar ma riba ce, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Har yanzu ana iya tsara inda gini zai fuskanta don iska ta ratsa, da inda ruwan rufi zai taru, da layin dogon yaro da zai raka ɗalibi daga ɗakin kwana zuwa aji. Da ni za a tambaya, sai in ce a fara da ƙidayar itatuwan Unguwar Jeji: nawa aka dasa da damina, nawa suka kai watan Mayu da ransu, kuma wa aka ɗora wa ban ruwa.