Harshen Sumer da Tamil da maganar asalin harshe

Harshen Sumer shi ne yaren mutanen da suka zauna a kudancin Iraƙi ta yanzu, tsakanin kogin Dijla da Furatu, a birane irin su Uruk da Ur da Lagash da Nippur. Rubutunsu na cikin mafi daɗewa da aka taɓa tonowa, tun wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da tsinken kara suke dannawa a kan ɗanyen yumɓu su bar shi ya bushe. Wajen shekara 2000 zuwa 1800 kafin haihuwar tasa mutane suka daina magana da shi a gida da kasuwa, harshen Akkad, na maƙwabtansu da ke arewa da su, ya danne shi, amma malamai da masu hidimar gumaka sun ci gaba da karanta shi har kusan shekara dubu biyu bayan haka. Masana dai har yau suna sa shi ne a layin harsunan da ba su da dangi ko ɗaya da aka tabbatar.

Tamil kuwa yana nan da ransa, mutum sama da miliyan 70 ke yinsa a jihar Tamil Nadu ta Indiya da Siri Lanka da Singafo da Maleshiya. Ɗan gidan harsunan Dravida ne tare da Telugu da Kannada da Malayalam, dangin da wani Baturen mishan, Robert Caldwell, ya rubuta nahawunsu a 1856. Tsofaffin rubuce-rubucensa da ke jikin duwatsu sun kai ƙarni na 3 ko na 2 kafin haihuwar Annabi Isa.

To ina aka samo maganar cewa su biyun 'yan uwa ne? Wani malami ɗan Siri Lanka, A. Sathasivam, ya yi rubutu a kanta a 1965, daga baya K. Loganathan na Maleshiya ya ɗauka da zafi har yana cewa wai harshen Sumer tsohon Tamil ne kawai. Hujjojinsu ba na banza ba ne gaba ɗaya fa, harsunan biyu duka suna ajiye aikatau a ƙarshen jimla, duka suna jera ɗafe-ɗafe a jikin kalma, kuma suna raba sunaye gida biyu, masu hankali da marasa hankali, ba namiji da mace kamar Hausa ba. Ga kalmomi kuma, gari a Tamil ur ne, a Sumer uru ko iri, uwa kuwa amma da ama. Sannan an san an yi ciniki tsakanin Iraƙi da ƙasar da suke kira Meluhha, wadda yawancin masana suka ce kwarin kogin Indus ne a yankin Pakistan ta yanzu, Sarki Sargon na Akkad ma ya yi alfaharin jiragen Meluhha na tsayawa a mashigar birninsa, akwai kuma hatimin wani Shu-ilishu da aka rubuta cewa tafintan harshen Meluhha ne. Wasu masana irin su Asko Parpola na ƙasar Finland na ganin mutanen Indus ɗin harshen Dravida suke yi, sai dai har yanzu ba a karanta rubutunsu ba.

Matsalar ita ce kama da wane ba ta wane. Aikatau a ƙarshe da jera ɗafi ai Turkanci ma haka yake, Barbarci ma haka, shi ya sa an sha jingina harshen Sumer da Turkanci da Hangariyanci da Basque (wani harshe na iyakar Sifen da Faransa), kowa ya zo da jerin kalmominsa ya tafi. Ama da amma kuwa sautin bakin jariri ne, duniya duk akwai mama da baba. In aka zo ƙirge nan asiri ke tonuwa, Sumer na cewa dish, min, esh, limmu, Tamil na cewa onru, irandu, munru, nanku, babu inda suka haɗu. Aikatau na Sumer kuma cike yake da ɗafin goshi, Tamil kuwa ɗafin ƙeya yake yi. Kuma ko tafintan nan, kasancewarsa ma alama ce ta cewa mutanen Iraƙin da na Meluhha ba sa jin juna.

Zumuncin gaske da tsari ake gane shi, sauti ya riƙa sauyawa ta hanya ɗaya a ɗaruruwan kalmomi da cikin nahawu. Abin dariyar ma Hausa ce ke da dangi a Iraƙin, wato harshen Akkad, don su biyun da Larabci duk 'yan gidan Afro-Asiya ne, mu ce mutu, Balarabe ya ce mata, Ba'akkade ya ce matu, mu ce suna su ce shumu, ga kuma t ta mace da ke yawo a cikinsu duka.

Can ƙasan wannan gardama akwai tsohuwar tambayar wane harshe ne na farko. Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya ba da labarin Fir'auna Psamtik da ya sa aka raini jarirai biyu ba mai yi musu magana, wai da suka buɗe baki sai suka ce bekos, burodi kenan a harshen Firijiya, wata tsohuwar ƙasa a Turkiyya ta yanzu. Surutu ya yi yawa a kan batun har ƙungiyar masana harshe ta Faris ta hana kawo mata shi a 1866. Ƙasusuwan da aka tono a Jebel Irhoud na Maroko sun nuna ɗan Adam irinmu ya kai shekara 300,000, rubutu kuwa bai wuce 5,000 da ɗoriya ba, hanyar kwatanta harsuna kuma in ta yi nisa ta kai shekara 10,000 sai ta dushe. Ke nan ranar da marubucin Uruk ya fara danna kara a yumɓu, mutane sun riga sun yi dubban ɗaruruwan shekaru a doron ƙasa, harsuna da yawa sun zo sun mutu ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya daga cikinsu.