Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN, ɗarika ce ta Kirista da ta yi ƙarfi a kudancin Jihar Borno da arewacin Jihar Adamawa. Hedikwatarta tana Kwarhi, kusa da Mubi. Galibin membobinta Bura ne da Margi da Kilba da Kamwe da mutanen Chibok, amma Hausa ce harshen da ya haɗa su a sujada da manyan taruka, kuma da ita aka raɗa wa ɗarikar suna.

Asali

Tushenta yana Schwarzenau a ƙasar Jamus, inda a 1708 mutum 8 ƙarƙashin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, suka kira junansu 'yan'uwa. Tsanani ya sa suka yi ƙaura zuwa Amurka, inda daga baya aka san su da Church of the Brethren. Daga can aka aiko 'yan mishan H. Stover Kulp da Albert Helser zuwa Najeriya. Biu suka fara nufa, amma jami'an mulkin mallaka, waɗanda ba sa sakin jiki da 'yan mishan a ƙasar sarakunan Musulmi, ba su ba su wuri a can ba. Sai suka sauka Garkida a bakin kogin Hawul. Ranar 17 ga Maris 1923 suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya, kuma wannan rana ce ɗarikar take ɗauka a matsayin ranar kafuwarta. Har yau masu ziyara sukan je wurin tsamiyar.

Farkon aikin bai zo da sauƙi ba. Ruth, matar Kulp, ta rasu a 1924, kuma sai a wajen 1927 aka yi wa mutanen farko baftisma. Abin da ya fi jawo jama'a a lokacin shi ne makaranta da magani. An buɗe asibiti a Garkida, sannan mazaunin kutare a Virgwi kusa da garin, inda marasa lafiya daga ƙabilu dabam-dabam suka zauna shekaru suna jinya. Da dama daga cikinsu sun koma garuruwansu da sabuwar bangaskiya, su ne suka fara tara mutane addu'a tun kafin wani Bature ya taka wurin. An kafa tashar mishan a Lassa ta ƙasar Margi wajen 1927 ko 1928, sai Marama a farkon shekarun 1930, sai Chibok a shekarun 1940. Makarantun Waka da ke kusa da Biu, waɗanda aka fara a shekarun 1950, sun yaye malamai da ma'aikatan gwamnati masu yawa a yankin. Mishan ɗin Basel na Switzerland ya shigo aikin wajen 1959, a duwatsun Gwoza.

An daɗe ana kiran ikkilisiyar da sunan Lardin Gabas, sunan da ta samu cikin tarayyar da yanzu ake ce wa TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya. Ta fara cin gashin kanta a 1972, sunan EYN kuma ya biyo baya cikin shekarun 1970.

Shiga da zama memba

Ba a yi wa jarirai baftisma, sai dai a miƙa su ga Allah a gaban jama'a. Mai son zama cikakken memba yakan shiga ajin baftisma, ya ba da shaidarsa, sannan a nutsar da shi sau 3 ta gaba, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wata al'ada da ɗarikar ta gada ita ce wanke wa juna ƙafafu bisa Linjilar Yohanna sura 13, maza a gefe, mata a gefe, tare da cin abinci wuri ɗaya da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. A nan babba kan durƙusa gaban talaka da ruwa a kwano. Wanda ya yi laifi a fili akan sa shi ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga Jibin har ya tuba.

Ƙungiyoyi

A ƙauyuka da yawa mai bishara ne ke riƙe majami'a, fasto yana zagayowa. Amma ƙarfin ikkilisiya na yau da kullum yana hannun Zumuntar Matan Ekklesiya, wato ZME. Su ne masu anko da ganga da tulu a ranar Lahadi, su ne kuma masu zuwa gaisuwar rasuwa da barkar haihuwa, da girki a biki, da karo-karo idan wata ta shiga matsi. Akwai kuma zumuntar matasa da ƙungiyar mawaƙa da ta Sabon Rai mai aikin bishara.

Batun naɗa mata fastoci ya daɗe ana tattauna shi. Ɗarikar ba ta amince ba.

Tsarin mulki

Mataki 3 ne: majalisar majami'a, ta gunduma, da babban taron shekara da ake kira Majalisa. Ana horar da fastoci a makarantar tauhidi ta Kulp da ke Kwarhi.

Rikicin Boko Haram

Kasancewar EYN cikin ɗarikun da ke koyar da ƙin ramuwa da ƙin ɗaukar makami, rikicin ya gwada wannan koyarwa sosai, domin ƙasarta ce tsakiyar fagen. Akasarin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014 'ya'yan EYN ne. A ƙarshen Oktoban shekarar mayaƙa suka mamaye Kwarhi, shugabanni ƙarƙashin Rabaran Samuel Dali suka koma Jos na ɗan lokaci. An ƙona majami'u masu yawa. Waɗanda suka tsere zuwa sansanin Minawao a Kamaru da unguwannin Abuja da Jos da Yola sun sake haɗa ikkilisiyoyi a can, wasu da sunan garin da suka baro. A Janairun 2020 an kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an sace shi, a Fabrairu kuma aka kai hari Garkida kanta, aka ƙona majami'ar garin.

An yi bikin cika shekara 100 a Maris 2023.