Mece ce "hujjar yiwuwa", kuma me mulhidai ke cewa a kanta?

Hujjar yiwuwa ita ce kafa dalilin samuwar Allah da lissafi. Sai a ɗauko wani abu, kamar ƙwayar halitta ta farko, a nuna cewa samuwarta bisa katari abu ne mai matuƙar wuya, sannan a ce ashe akwai wanda ya tsara ta. Ta bambanta da hujjar malaman tauhidi cewa duk fararre yana buƙatar mai farar da shi. Waccan yankan shakku take nufi, wannan kuwa rinjaye kawai take nema.

Misalin da aka fi ji na Fred Hoyle ne, masanin taurari ɗan Ingila. A 1981 shi da abokin aikinsa Chandra Wickramasinghe sun ƙiyasta cewa damar haɗuwar sinadaran da rai ke buƙata ɗaya ce cikin lamba mai sifili 40,000. Hoyle ya ce tamkar guguwa ce ta ratsa filin tarkacen ƙarafa, ta wuce ta bar jirgin Boeing 747 a haɗe.

Mulhidai ba sa jayayya da ƙanƙantar lambar, tambayarsu ita ce daga ina ta fito. Lissafin Hoyle ya ɗauka komai ya haɗu ne a tashi ɗaya. A 1986 masanin halittu Richard Dawkins ya sa kwamfuta neman wata jimla mai gurbi 28. Da zuba haruffa barkatai, damar dacewa kusan ɗaya ce cikin lamba mai sifili 40, amma da aka riƙa ajiye abin da ya fi kusa ana gini a kansa, zagaye 43 ya isa. Sai dai amsar tana da iyaka, domin irin wannan zaɓi ba ya aiki sai an riga an sami abin da ke kwafar kansa.

Sai batun karta. Hanyoyin jera kati 52 lamba ce mai gurbi 68, don haka duk jerin da ya fito bayan an cakuɗa ana iya cewa bai kamata ya faru ba, alhali ga shi a hannu. Ƙanƙantar dama ba ta nuna komai sai in tun farko an faɗi jerin da ake jira.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne ma'aunan duniya, irin su ƙarfin maganaɗisun da ke riƙe taurari. An ce da sun goce kaɗan da babu rai. Mulhidi zai ce duniya ɗaya tak muka gani, ba mu san ko ma'aunan na iya zama daban ba, kamar mai lissafin ɗan ludo ne bai san fuskokinsa nawa ba. Kuma ai ba za mu tsinci kanmu a duniyar da ba ta ɗaukar rai ba. Masanin falsafa John Leslie ya mayar da martani mai ƙarfi: wanda maharba 50 suka harba duk suka kuskure, don ya rayu ba zai fasa tambayar dalili ba.

Masu amfani da ƙa'idar Bayes kuwa, wato hanyar lissafi ta gyara ƙiyasi duk lokacin da aka sami sabuwar shaida, dole su fara da wani ƙiyasi. Marubuci Stephen Unwin a 2003 ya fara da cewa yiwuwar samuwar Allah kashi 50 cikin ɗari ce, ya ƙare a kashi 67. Wanda ya fara da kashi 1, ya bi matakansa sak, da kyar zai kai kashi 2.