Waiwaye: Yadda Injiniyoyi da Makanikai Suka Kai Mota ga Gudun da Ya Zarce Sauti

Tun daga ranar 15 ga Oktoba, 1997, lokacin da Andy Green, matuƙin jirgin yaƙi na sojin saman Birtaniya, ya tuƙa motar ThrustSSC a hamadar Black Rock ta jihar Nevada a Amurka har ya kai gudun kilomita 1,228 cikin awa ɗaya, ba a sake samun motar da ta kamo wannan matsayi ba. Mai kallo daga nesa zai iya zaton rashin inji mai ƙarfi ne ya tsayar da lamarin, amma duk wanda ya bi tarihin waɗannan motoci zai ga cewa inji bai cika wuyar samu ba. Taya da iska da ƙasar da ake gudu a kanta su ne suka fi ba masu ƙira wahala, kuma su ne suka fi cin rayukan matuƙa.

An fara rubuta wannan bajinta a watan Disamba na 1898 a Achères kusa da birnin Paris, inda Gaston de Chasseloup-Laubat ya yi gudun kilomita 63 da mota mai aiki da batir. A watan Afrilu na 1899 wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya haura kilomita 100 da motarsa La Jamais Contente, wadda aka ƙera mata bodi mai tsini gaba da baya da haɗin gorar ruwa, ko da yake shi kansa matuƙin yana zaune a sama iska na dukan ƙirjinsa. Injin tururi ma ya ci zamaninsa, domin a 1906 Fred Marriott ya kai kilomita 205 da motar Stanley a bakin tekun Florida. A wannan zamani ne hukumar tseren motoci ta duniya ta kafa dokar da har yau take tafiyar da komai: sai mota ta je ta dawo a kan tazara ɗaya, a ɗauki matsakaicin gudun biyun, don kada wani ya ci da taimakon iska ko gangara. Daga baya aka ƙayyade cewa zuwa da dawowar su kasance cikin awa ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko injinan jiragen sama suka yi araha, masu ƙira kuwa suka ruga gare su, kuma suna da dalili. Turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda gudu yake ƙaruwa, ta yadda idan ana son ninka gudun mota sau biyu, ƙarfin da ake buƙata don keta iska zai ninka kusan sau takwas. Da injin jirgi J.G. Parry-Thomas ya yi gudun kilomita 275 a rairayin Pendine na yankin Wales a 1926 da motarsa Babs, kuma a wurin ya rasu a watan Maris na 1927 yana ƙoƙarin ƙwato kambun daga hannun Malcolm Campbell. A ƙarshen wannan wata Henry Segrave ya haura mil 200, inda ya kai kimanin kilomita 328, a bakin tekun Daytona na Florida da motar Sunbeam mai injin jirgi biyu, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa. Kamfanin Dunlop da ya yi masa tayoyi bai ba shi tabbacin za su jure wannan gudu fiye da minti uku da rabi ba. A shekarar da ta biyo baya Frank Lockhart, wanda ya zo da ƙaramin inji da siririyar mota maimakon ƙaton inji, ya rasa ransa a Daytona sakamakon fashewar taya.

Rairayin bakin teku ya zama tarnaƙi, domin tayoyi suna ta juyawa a banza ba sa kama ƙasa. Campbell ya gwada faƙon Verneuk Pan a Afirka ta Kudu a 1929 bai samu biyan buƙata ba, sannan aka koma filin gishiri na Bonneville a jihar Utah, inda ya haura mil 300, kimanin kilomita 484, ranar 3 ga Satumba, 1935. A can ne aka yi karon da, a ganina, ya fi kowanne koyar da darasin injiniya. George Eyston ya zo da Thunderbolt, dodon mota mai nauyin kusan tan 7 da injin Rolls-Royce biyu, John Cobb kuwa ya zo da motar da Reid Railton ya zana, wadda nauyinta bai kai rabin na Thunderbolt ba, da tsofaffin injinan Napier Lion biyu waɗanda ba su kai na Eyston ƙarfi ba. Railton ya lanƙwasa ƙashin motar ya karkata injinan biyu a gefensa, ɗaya yana jan tayoyin gaba ɗaya yana jan na baya, ta yadda duk tayoyin huɗu suna tura motar. Ya cire lagireto gaba ɗaya don kada a huda hancin motar iska ta shiga, ya sa tankin ƙanƙara wanda yake sanyaya injinan na 'yan mintunan da ake buƙata. Ya zaunar da matuƙi can gaba da tayoyin gaba, sannan ya kifa wa motar bodi guda sumul wanda makanikai suke ɗagawa ɗungurungum idan za su yi aiki. Sun yi ta ƙwatar kambun daga juna a 1938, amma Cobb ne ya ƙare da shi a 1939, kuma gudun kilomita 634 da ya yi a 1947 ya tsaya shekara 16 ba a taɓa shi ba.

Donald Campbell, ɗan Malcolm, shi ne ya kai tsarin jan taya iyakarsa a wancan lokaci da motar Bluebird CN7 mai injin tobin na jirgi. Motar ta kife da shi a Bonneville a 1960, aka sake gina ta tare da ƙara mata doguwar jela a tsaye don ta riƙe hanya, ya kuma samu kilomita 648 a busasshen tafkin Eyre na Ostiraliya a watan Yuli na 1964, a kan gishirin da ruwan sama ya riga ya jiƙa. Kafin nan wani Ba'amurke, Craig Breedlove, ya riga ya wuce wannan gudu a 1963 da mota mai taya uku wadda hucin injin jet yake turawa, ba tare da giya ba. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ƙi amincewa da ita a matsayin mota, amma a ƙarshen 1964 ta sassauta, kuma daga nan aikin taya ya koma ɗaukar nauyi da saita hanya kawai.

Labarin Art Arfons na garin Akron a jihar Ohio ya cancanci a tsaya a kansa, domin aikin bakanike ne tsantsa. Ya sayi injin jirgin yaƙi samfurin J79 a hannun dillalin kayan gwangwan da dala 'yan ɗaruruwa, saboda wani abu ya faɗa cikinsa ya lalata fikafikan da suke matse iska. Kamfanin da ya ƙera injin bai ba shi littafin gyara ba, kasancewar injin sirrin soja ne a lokacin. Sai ya kwance shi da kansa, ya cire fikafikan da suka lalace, ya daidaita sauran don nauyi ya zo daidai a kowane gefe, ya ɗaure shi da sarƙa a jikin itatuwa a bayan garejinsa ya tayar. Da wannan inji ya yi ta fafatawa da Breedlove a 1964 da 1965. Breedlove ya taɓa rasa laimomin birkinsa yana kan gudun sama da mil 500, ya ƙare a cikin kududdufin ruwan gishiri, Arfons kuwa tayar baya ta fashe masa ba sau ɗaya ba, kafin Breedlove ya rufe gasar da kilomita 966 a watan Nuwamba na 1965. A 1970 motar roka mai suna Blue Flame, wadda Gary Gabelich ya tuƙa, ta fara haura kilomita 1,000.

Daga nan tayar roba ta kai ƙarshen abin da za ta iya. John Ackroyd, wanda ya zana wa Richard Noble motar Thrust2, ya sa mata wili na zallar gorar ruwa ba roba ba iska, amma irin wannan wili yana zamewa a kan gishiri mai tauri, kuma da ruwa ya mamaye Bonneville a 1982 sai suka koma Black Rock inda ƙasar busasshen laka ce da wilin yake ɗan nutsawa ya kafa wa kansa hanya. A can Noble ya yi gudun kilomita 1,019 a 1983, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa saura ƙiris hancin motar ya tashi sama.

Wannan haɗari na tashi sama shi ne ya mamaye ƙirar ThrustSSC. Kusa da gudun sauti iska tana taruwa ta zama igiyar matsi mai ƙarfi, wadda take dukan ƙasa ta dawo ƙarƙashin mota, kuma ɗan karkatar hanci kaɗan ya isa ya ɗaga mota mai tan 10 ko ya danna ta cikin ƙasa. Ron Ayers, masanin tafiyar iska, bai yarda da lissafin kwamfuta na Jami'ar Swansea shi kaɗai ba, sai da ya ɗora ƙaramin samfurin motar a kan roka a filin gwaji na Pendine ya ga sakamakon biyu sun dace. An ɗora injinan Rolls-Royce Spey biyu na jirgin Phantom a gaba don nauyi ya danne hanci, hakan kuwa ya sa babu filin da tayoyin gaba za su juya, sai aka mayar da sitiyari kan tayoyin baya, abin da mutane da yawa suka ce ba zai yiwu ba. An kuma sa na'urar da take ɗaga ko sauke bayan motar tana cikin gudu. Bayan gwaji a hamadar Al-Jafr ta ƙasar Jodan, motar ta keta sauti ranar 13 ga Oktoba, 1997, amma ba a karɓa ba, domin aikin juya ta ya sa sun wuce awar da doka ta ba su da ƙasa da minti ɗaya. Bayan kwana biyu suka cika sharaɗin.

A gefe guda, masu motocin da har yanzu taya ce take jan su suna taruwa a Bonneville tun 1949, kuma a wurinsu ne ake ganin saitin inji na hannu. Filin yana sama da mita 1,200 daga doron teku, don haka iskarsa ba ta da kauri, wanda yake rage turjiya amma yake kuma rage abin da inji yake shaƙa. Bakanike yakan auna zafi da matsin iska da safe ya saita yawan man da zai shiga inji, da rana ta take kuma ya sake saiti, domin idan mai ya yi ƙaranci fistin zai iya narkewa kafin a kai mil na ƙarshe. Suna ƙara wa mota dalma don taya ta kama gishiri, suna kuma sa giya mai tsawon da motar ba ta iya tashi da kanta sai wata motar ta tura ta. Da irin wannan aiki Danny Thompson ya haura mil 448 a 2018 da motar da mahaifinsa ya fara ginawa a 1968. Damuwarsu a yau ita ce ɓawon gishirin yana ta yin siriri, kuma rashin kyawun filin ya sa an soke babban taronsu a 2014 da 2015.

Motar Bloodhound, wadda aka ƙaddamar a 2008 da burin mil 1,000, ta nuna inda matsalar ta koma. An ƙera mata wili mai nauyin kusan kilo 90 da zai jure juyawa fiye da sau 10,000 a minti ɗaya, kuma mutanen yankin Hakskeen Pan a Afirka ta Kudu sun tsince duwatsu kimanin tan 16,000 da hannu, domin tsakuwa ɗaya a wannan gudu ba ta da bambanci da harsashi. A watan Nuwamba na 2019 Andy Green ya kai kilomita 1,010 da injin jirgin Typhoon kaɗai, ba a ma ɗora rokar da aka tsara mata ba. Kamfanin aikin ya riga ya taɓa durƙushewa a 2018 kafin ɗan kasuwa Ian Warhurst ya saye shi, sannan annobar korona ta sake tsayar da shi, aka kai motar gidan tarihin sufuri na Coventry ana neman mai zuba kuɗin da zai kammala rokar.